Jiragen Sulke da Birnin Kano: Yadda Yaƙin Teku Ya Juya Alƙiblar Fataucin Kanawa, 1906–1918

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2021, lokacin da Rundunar Sojan Ruwa ta Nijeriya ta ba da sanarwar kafa wata cibiya a Jihar Kano, wadda daga bisani ta zama kwalejin koyon tanadi da jigilar kayan soja a Dawakin Tofa, mutane da dama sun yi mamaki, wasu har da ba'a, suna cewa me ya haɗa kifi da kaska. A zahiri tambayar tana bisa hanya, domin tsakanin Kano da bakin teku akwai tafiyar mil 700 a jirgin ƙasa. Amma ga mai nazarin tarihi, tambayar tana da amsa, kuma amsar ta girmi rundunar kanta.

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa manyan jiragen ruwan yaƙi na farkon ƙarni na ashirin, waɗanda yawancin Kanawan wancan zamani ba su taɓa sa su a ido ba, suna daga cikin abubuwan da suka rufe wa birnin Kano ƙofarsa ta arewa, watau hanyar Sahara, suka kuma ɗaure arzikinsa ga ƙofa ɗaya tak ta kudu, watau tashar Ikko. Za a duba abin da ya faru a 1911, da kuma shekarun Yaƙin Duniya na Farko, sannan a taɓo abin da wannan tarihi ya bari a harshe, da yadda sana'ar ƙera samfurin jirage za ta iya taimakon mai koyar da shi.

2.0 Kano Tana Fuskantar Arewa

Sa'ad da Dokta Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851, ya tarar da Larabawa fatake, yawancinsu mutanen Gadamas, zaune a kewayen Dala. Har yanzu sunan unguwar Dandalin Turawa yana ba da shaidar wannan zama, domin a tsohuwar Hausa kalmar "Bature" Balaraben arewa take nufi, tun kafin a san mutumin Ingila a ƙasar nan. Ayarin raƙuma yakan taso daga Tarabulus, ya bi ta Gadamas da Gat, ya ratsa Azbin da Damagaram, ya sauke kaya a Kasuwar Kurmi bayan tafiyar watanni. Abin da yakan kawo ya haɗa da alharini da takubba da turare da sukari, da kuma takarda mai tambarin jinjirin wata uku, ƙirar Italiya, wadda malamai suka rubuta littattafai masu yawa a kanta. In zai koma kuwa, sai ya ɗauki jemammun fatu da hauren giwa da gashin jimina da baƙin yadin Kano, a wani zamanin har da bayi.

Binciken da Marion Johnson ta buga a 1976 ya nuna cewa wannan fatauci bai mutu da wuri ba kamar yadda ake zato. Bayan 1880 akoko da sauran yadin Manchesta ne suka zama babban kayan ayari. Ana kai su Tarabulus a jirgin ruwa, daga nan raƙumi ya ɗauka. Duk da haka rauni ya riga ya kama hanyar: gonakin jimina na Afirka ta Kudu sun karya farashin gashi, yaƙin Rabe ya hargitsa Barno daga 1893, Faransawa sun kama Damagaram a 1899, Ingilishi kuma sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Abin lura a nan shi ne, muddin Tarabulus tana hannun Turkawa, kuma hanya tana biyuwa, attajirin cikin birni yana da ƙofa biyu, in wannan ta yi tsada ya bi waccan.

3.0 Mene Ne Jirgin Sulke?

Abin da muke kira jirgin sulke a nan shi ne babban jirgin yaƙi wanda aka lulluɓe jikinsa da ƙarfe mai kauri, aka kuma ɗora masa manyan igwa a cikin hasumiyoyi masu juyawa. Ranar 10 ga Fabrairu, 1906, Ingilishi suka tura wani sabon irinsa cikin ruwa a Portsmouth, suka sa masa suna Dreadnought, ma'ana wanda ba ya tsoron kome. Jiragen da suka gabace shi sukan ɗauki manyan igwa huɗu ne, tare da tarkacen matsakaita. Shi kuwa an ɗora masa goma, kowace faɗin bakinta inci 12. Hikimar ita ce, idan igwa duka iri ɗaya ne, mai saiti yana iya duban inda harsasai suka faɗa cikin ruwa ya gyara saitin dukkansu a lokaci guda, ko da abokin gaba yana nesa da mil biyar ko fiye. Bugu da ƙari, sabon injin tururi mai juya farfela ya ba shi gudun kimanin mil 24 a awa, alhali nauyinsa ya kai tan 18,000.

Fitowar wannan jirgi ta mai da duk jiragen sulken duniya tsofaffin yayi, ta kuma buɗe tsere tsakanin Ingila da Jamus. Domin mai karatu ya gane girman dukiyar da ake zubawa, kuɗin ƙera Dreadnought shi kaɗai ya kusa fam miliyan 1.8, watau ya ɗara abin da aka ƙiyasta a 1907 za a kashe wajen shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa mai tsawon mil 356 daga Baro zuwa Kano. Wani abin sha'awa kuma, mutumin da ya tsaya wa wannan hanya a majalisar Ingila, lokacin yana ƙaramin ministan ƙasashen mulkin mallaka, shi ne Winston Churchill, wanda a watan Oktoba na 1911 ya zama ministan sojan ruwa. A wurin masu mulkin Ingila, dogo da jirgin sulke igiya ɗaya ce: dogo ya kai kaya bakin teku, jirgin sulke ya tsare teku.

4.0 Shekarar 1911

A watan Maris na 1911 ne dogo ya iso Kano, aka kuma buɗe shi ga 'yan kasuwa a shekara mai zuwa. Wata shida bayan isowarsa, ranar 29 ga Satumba, Italiya ta ƙaddamar da yaƙi a kan Daular Turkawa domin ta ƙwace Tarabulus. Ranar 3 ga Oktoba jiragen Italiya, a ƙarƙashin Luigi Faravelli, suka ja layi a gaban birnin suka yi ta ruwan wuta a kan ganuwoyinsa na bakin teku. Daga cikinsu akwai jiragen sulke irin su Benedetto Brin da Emanuele Filiberto da Re Umberto da Sicilia da Sardegna. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya kai Dreadnought, amma ga tsofaffin igwan Turkawa sun isa har sun yi yawa. Ranar 5 ga wata sojan ruwa suka sauka suka kama garin.

Abin da ya yanke hukuncin wannan yaƙi shi ne teku. Turkawa suna da sojan ƙasa masu yawa, amma ba su da rundunar ruwan da za ta raka su zuwa Tarabulus, Ingilishi kuma suka hana a ratsa ta Masar. Sai ɗaiɗaikun hafsoshi, irin su Anwar da Mustafa Kamal, suka saɗaɗa cikin ɓad-da-kama, suka haɗa kai da Larabawa da 'yan ɗariƙar Sanusiyya. A watan Oktoba na 1912 Sarkin Santambul ya janye, amma faɗa bai ƙare ba. Italiyawa sun kai Gadamas a 1913, sun kai Gat a 1914, sannan aka fatattako su zuwa bakin teku a 1915. Ke nan duk zangunan da ayarin Kano yakan yada su sun zama fagen fama.

Ba za a ce igwan Faravelli su kaɗai suka kashe fataucin Sahara ba, domin dogo ya riga ya fi raƙumi araha da sauri. Abin da suka yi shi ne sun hana tsohuwar hanya damar jayayya. Daga nan Balaraben da ke cikin birnin Kano, in yana son aika fata zuwa ga danginsa a Tarabulus, sai ya ɗora ta a jirgin ƙasa zuwa Ikko, ta zaga ta teku a jirgin Turawa. Wasu gidajen suka koma sayen fatu da gyaɗa, wasu suka durƙushe. Mutanen Tarabulus ba su daina zuwa Kano ba, sai dai abin da ke kawo su ya sake. Saul Raccah, Bayahuden Tarabulus, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan masu fitar da gyaɗa a shekarun 1930, da dogo ya yi arziki.

5.0 Jirage Biyu da Aka Ƙwace, da Yaƙin Kawusan

Kunyar Tarabulus da ta yaƙin Balkan sun sa Turkawa suka ƙudura niyyar mallakar jiragen sulke na zamani. Wata ƙungiya da aka kafa a 1909 ta yi ta tara gudummawa daga talakawa, har mata da 'yan makaranta. Da wannan kuɗi da kuma rance aka biya jirage biyu a masana'antun Ingila: Reshadiye, da kuma Sultan Usman na Ɗaya, mai igwa 14 a hasumiya bakwai, wanda asali ƙasar Birazil aka ƙera wa. A farkon Agusta na 1914, matuƙan Turkawa sun riga sun iso karɓa, sai Churchill ya ba da umarni a ƙwace su, aka sake musu suna Erin da Agincourt.

Ranar 10 ga watan, jiragen Jamus biyu da suka kuɓuce wa Ingilishi a Bahar Rum, watau Goeben da Breslau, suka shiga mashigin Dardanel. Aka ce an sayar da su ga Turkawa, Goeben ya koma Yavuz Sultan Selim, amma matuƙansa na Jamus suna nan, jar dara kawai suka sa. Ranar 29 ga Oktoba suka yi luguden wuta a kan tashoshin Rasha na Baƙin Teku. Ingila ta ƙaddamar da yaƙi a kan Turkawa ranar 5 ga Nuwamba, ranar 14 ga wata kuma aka karanta shelar jihadi a Santambul. Masana sun nuna cewa tun ranar 2 ga Agusta wasu shugabannin Turkawa suka ƙulla yarjejeniyar asiri da Jamus, saboda haka ƙwace jiragen ba shi ne tushen al'amarin ba. Sai dai shi ne ya ba masu son yaƙi hujjar da talaka zai fahimta. Wani abin lura shi ne, a watan Maris na 1911, watan da dogo ya iso Kano, aka tura Goeben cikin ruwa a masana'antar Blohm & Voss ta Hambug.

Wannan shela ta tayar da hankalin Gwamna Lugga da razdanoninsa, domin yanzu Sarkin Ingila yana yaƙi da Halifan Santambul, wanda Musulmi da yawa suke girmamawa. Sarakunan Arewa, har da Sarkin Kano Abbas, sun bayyana goyon bayansu ga Ingila, baitulmalin gargajiya kuma ya ba da gudummawar kuɗi. Amma wutar ta biyo tsohuwar hanyar ayari. A watan Disamba na 1916 Kawusan, wani jagoran Abzinawa mai alaƙa da Sanusiyya, ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya, da goyon bayan Sarkin Agadas Tagama, yana harba igwa da aka ƙwato daga Italiyawa. A nan ne amfanin igiyar da muka ambata ya fito fili: an kawo wa Faransawa ƙarin soja ta teku zuwa Ikko, aka hau da su jirgin ƙasa zuwa Kano, suka wuce Damagaram, sojan Nijeriya kuma suka tsallaka iyaka don tsare bayansu. Ranar 3 ga Maris, 1917 aka karya ƙawanyar. Ramuwar gayyar da ta biyo baya ta yi muni: an kashe malamai da yawa a Agadas, an ƙwace raƙuma, jama'ar Azbin da dama suka gudo kudu zuwa ƙasar Hausa. Da masu raƙuma suka watse, abin da ya rage na ayarin Tarabulus ya bi su.

6.0 Ƙawanyar Teku, Gyaɗa da Soja

Ingilishi sun shimfiɗa dogo ne da fatan audugar Kano za ta ciyar da masaƙun Lankasha. Manoman Kano, tare da fataken goro irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo, daga baya kuma Alhassan Ɗantata, suka zaɓi gyaɗa, kamar yadda Jan Hogendorn ya yi bayani. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta tashi daga kimanin tan 2,500 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913. Masana'antun Turai masu yin man shafa wa burodi su ne masu saye, kuma kaso mai tsoka yana tafiya Hambug ta hannun kamfanonin Jamus irin su G. L. Gaiser da jiragen Woermann.

Da yaƙi ya ɓarke, manyan jiragen sulken Ingila suka yi sansani a arewacin Sikotilan suka datse wa Jamus hanyar teku. Aka rufe kantunan Jamusawa a Nijeriya, aka yi gwanjon kadarorinsu a Landan a ƙarshen 1916. Jamus ta rama da jiragen ƙarƙashin ruwa, ta nutsar da jiragen Elder Dempster da dama, kamar Falaba a watan Maris na 1915, inda mutum 104 suka halaka, da Abosso da Apapa a 1917. Wannan rikici ya zo ne a kan yunwar 1913 zuwa 1914, saboda haka a 1915 gyaɗar da aka fitar ba ta kai tan 9,000 ba, kafin ta haura tan 50,000 a 1916. Ciniki ya farfaɗo, amma masu saye sun ragu. Manyan kamfanonin Ingila suka haɗa baki a kan farashi, kuma su ne ke da rinjaye a kan ɗan gurbin da ya rage a cikin jirage. A babban karon Jutland, daga 31 ga Mayu zuwa 1 ga Yuni, 1916, Ingila ta rasa jirage 14 da mutum sama da 6,000, Jamus ta rasa 11 da mutum kimanin 2,500, amma ƙawanyar ba ta karye ba. Manomin Ƙasar Kano bai ji ƙarar igwa ko ɗaya ba, amma sakamakon wannan karo yana daga cikin abin da ya tabbatar da wanda zai sayi gyaɗarsa da kuma nawa zai biya.

Akwai kuma Hausawan da suka ga jiragen ido da ido, watau sojan Rundunar Nijeriya, wadda Hausa ce harshen umarninta. Jiragen Cumberland da Challenger ne suka buɗe hanya aka kama Duwala ranar 27 ga Satumba, 1914. An ciro wata igwa daga Challenger, aka hau da ita ta Kwara da Binuwai har Garwa, wadda ta miƙa wuya ranar 10 ga Yuni, 1915. A ƙarshen 1916 aka kwashi sojan Nijeriya ta teku zuwa Darussalam a Gabashin Afirka, inda Jamusawa ke amfani da igwan da suka ciro daga jirginsu Königsberg bayan an nutsar da shi a bakin kogin Rufiji a 1915. A Mahiwa, cikin Oktoba na 1917, sojan Nijeriya sun yi hasarar rayuka mai yawa.

7.0 Abin da Ya Rage a Harshe da Batun Samfur

Kalmar "jirgi" asalinta abin ƙetare kogi ne. Da sababbin abubuwa suka zo, Hausa ba ta ari kalma ba, sai ta faɗaɗa tata: jirgin ƙasa a 1911, jirgin sama a 1925 lokacin da na farko suka sauka Kano, shi kuwa na asalin sai da aka ƙara masa "ruwa" domin a bambanta shi. Bayan samun mulkin kai, Hausa ta hau jikin jiragen yaƙi da kanta. Rundunar ruwan Nijeriya ta sa wa jiragenta sunaye irin su Dorina da Damisa da Kyanwa da Kada, da kuma Aradu, wanda aka karɓa daga Blohm & Voss, masana'antar nan da ta ƙera Goeben.

Jiragen sulken da muka ambata duk sun shuɗe. Benedetto Brin ya fashe a tashar Brindisi a 1915, Dreadnought an sayar da shi ga masu farfasa ƙarfe a 1921, Goeben kuwa ya daɗe a hannun Turkiyya har shekarun 1970 kafin a farfasa shi. Abin da ya fi kusa da ganinsu a yau shi ne samfur, watau ƙaramin kwaikwayon jirgi da aka ƙera bisa ma'auni. Masana'antun jirage sukan yi irin wannan domin nuna wa masu saye, kuma gidan tarihin teku na Greenwich yana da tarinsu. Fred T. Jane, wanda ya fara fitar da kundin jiragen yaƙi a 1898, ya yi amfani da ƙananan samfura wajen wasan koyon dabarun yaƙi. A zamanin nan sha'awar ta yi ƙarfi a Turai da Amurka da Japan, inda aka fi bin ma'aunin 1:350 da 1:700. A ma'auni na farko, Dreadnought mai tsawon mita 160 yakan dawo santimita 46, Goeben mai mita 186 ya dawo 53.

Mai wannan sha'awa yakan san kaurin sulke da adadin igwa, amma da wuya ya tambayi inda tasirin harsashin ya tsaya. Mu kuma masu nazarin Kano mun san unguwa da zuriya, amma mukan tsaya a Ƙofar Mazugal mu juyo. Samfur yana iya haɗa waɗannan sani biyu. Kano ba ta rasa hannu ba: yaran da ke ƙera mota da jirgin sama da kara da langa-langa, da masu sarrafa gwangwani a kasuwa, in an ba su zane da ma'auni za su iya. Da za a ajiye samfurin Benedetto Brin a Gidan Makama, kusa da sirdin raƙumi da taswirar hanyar Gadamas, ɗalibi zai gane cikin minti kaɗan abin da lacca guda ba ta cika fahimtar da shi ba.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa tsakanin 1911 da 1917 birnin Kano ya rasa ƙofarsa ta Sahara, ya koma dogaro da dogo da tashar Ikko da jiragen kamfani ɗaya, kuma jiragen sulke suna da hannu a kowane mataki: a Tarabulus, a Dardanel, da kuma Tekun Arewa. Dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita daga baya an gina ta ne a kan wannan sabuwar alƙibla, da ribarta da kuma raunin da ke tattare da mai ƙofa ɗaya. Aikin da ke gaban ɗalibanmu na manyan digiri shi ne su nemi wasiƙun Larabci da takardun ciniki da ke hannun zuriyar fataken Dandalin Turawa da maƙwabtanta, su gwama su da bayanan gidan adana takardun tarihi na Kaduna, domin a ji yadda mutanen cikin birni da kansu suka fassara labarin faɗuwar Tarabulus a lokacin da ya iso musu. Takarda ba ta jiran mai bincike, gara da damina kuma kullum suna bakin aikinsu.